Kashin Shanu a Filin Madam

Shekara arba'in ina kashe ciyawa a gonata ta Mbamoi, sai da na tsufa aka ɗauke ni aiki a Jimeta in raya ta. Mai gidan tsohuwar shugabar makaranta ce, kowa Madam yake ce mata. Ta dasa ciyawar kafet a gaban gida, a kanta za a yi liyafar auren ɗanta bayan wata biyu.

Ta ce, "Baba, in filin nan ya yi kyau, aikinka ya zauna. In bai yi ba, ka san hanyar tasha."

Ciyawar ta yi rawaya kamar mai shawara. Ni da ilimina na aji biyu na ce yunwa ce. Ban tambayi kowa ba, na je garken wani abokina na ɗebo ɗanyen kashin shanu a keke, na watsa ko'ina. Na manta saniya ba ta tsince iri kafin ta haɗiye ciyawa. Ruwa biyu aka yi, harƙiya ta tashi, tuji na biye da ita, sun fi kafet ɗin ƙoshin lafiya.

Da gona ce, fartanya ta gama magana. Nan kuwa sai dai ka durƙusa da tsohuwar wuƙa kana zare su ɗaya ɗaya. Ka gama gabas, yamma ta tsiro. Harƙiya kuma kwanciya take yi, kowace gaɓa da saiwarta, ka ja ta sai ta taho da kafet ɗin.

Madam ta tsaya a kaina. "Baba, wannan ciyawar daga ina?"

"Iska ce, Madam."

"Warin garken ma iska ce?"

Na ci gaba da tono.

Saura kwana uku biki, rabin filin ma ban ci ba. Sai na wasa adda, na aske su duka daidai wa daida, mai gida da baƙuwa, tunda kore kore ne. Jama'a suka ci shinkafa, suka yi rawa a kan harƙiya, har wata ta tambayi inda ake samun irin.

Ran Litinin Madam ta kira ni. "Su ba su gane ba, ni na gane. Ba zan kore ka ba, Baba. Kai ka kawo ta, kai za ka fitar da ita."

Damina uku na yi a durƙushe. Gwiwata ta hagu har yau ba ta miƙewa sosai.