Takin Ƙasan Juji

Shekarar da na gama sakandare na dawo ƙauyenmu da ilimi guda ɗaya da nake ji da shi. Malamin fiziks ya koya mana cewa ba sai ka ɗaga abu za ka san nauyinsa ba. Ka auna nauyin kwano ɗaya, ka ƙirga kwano nawa mazubin yake ci, ka ninka, shi ke nan. Tun daga ranar nake yi wa duk mai jinjina kaya kallon tausayi.

Bazara ce, kowa na kai taki gona kafin ruwa ya sauka. Jakinmu ɗaya ne, ya kwana biyu a duniya, kuma shi ne ƙafar gidan. Baba ba ya cika masa mangala. Sai ya zuba, ya sa hannu a ƙarƙashi ya jinjina, ya ce ya isa. Abin yana ci mini rai, sawu goma sha biyu a aikin da takwas za su gama.

Na ɗebi kwano ɗaya a saman juji, na kai wa mai takin zamani a bakin titin Ɗambatta ya ɗora mini a sikeli. Na ƙirga, na ninka. Lissafi ya ce ko an cika mangalar fam, ba ta kai buhun geron da jakin yake ɗauka ranar kasuwa ba.

Na ce, "Baba, wahalar banza ake sha. Ga shi a rubuce."

Baba ba ya karanta boko. Ya dubi takardar, ya dube ni, ya ce, "To, Malam, ai ku kuka yi karatun." Ya miƙo mini igiyar jakin, ya tafi ɗaurin aure.

Sawu ukun farko lafiya lau, har da fito nake yi. Ashe na kwashe saman jujin na kai ƙasa, inda fitsarin awaki da ruwan wanke-wanke suka shekara suna tsumuwa. Wanda na auna busasshe ne kamar dusa, wannan kuwa danƙararre. Na ji shebur ya ƙara nauyi a hannuna, amma ni ɗan boko, na fi yarda da takarda.

A gangaren da ke gaban gonar jakin ya durƙusa. Ƙafar gaba ta gurɗe, bai sake ɗaukar kaya ba sai bayan girbi.

Inna ta raɗa mini Injiniya, har yau sunan bai sake ni ba.  Washegari Baba ya fito da kwando biyu, domin hadari ya fara haɗuwa kuma rabin gonar ba taki. Ina ganin furfurarsa a ƙarƙashin gammo, kunya ta kama ni kamar in nutse.

Ya cika nasa fam. Da ya zo kan nawa, ya zuba, ya sa hannu a ƙarƙashi ya jinjina, ya rage shebur biyu, sannan ya ɗora mini.