Jerin Sunayen Masu Taki

Sau uku kwamfutar ofishinmu tana sandarewa jiya. Sunayen manoman ƙungiyarmu na ce ta jera, daga Digil har Michika, wanda ya riga yin rajista ya riga karɓar taki. Sunayen sun fi ƙarfin ƙwaƙwalwarta, ga damina ta kawo kai.

Ciyaman ɗin ƙungiyar ya ce a kafa kwamiti.

Mama Saratu mai wake, da ta zo duba sunanta, ta leƙo: "Ɗana, me ya sami kwamfutar?"

Na ce, "Kaya ya yi mata yawa, Mama."

Ta ce, "Kai ma! Faifai yana ɗaukan buhu ne? Ɗiba kaɗan kaɗan, ka gyara, ka ajiye, ka haɗa daga baya."

Haka na yi. Na raba sunayen kashi ashirin, kwamfuta ta jera kowane kashi ta adana. Sannan na sa ta riƙa duba na saman kowane kashi, tana zare wanda ya riga sauran. Kafin la'asar an gama, Mama Saratu ce ta bakwai.

Ciyaman ya nemo sunansa can ƙasa, ya ce wannan kwamfuta 'yar adawa ce. Ya zaro wata 'yar takarda daga aljihu, wai da ita za a raba.

Wannan jerin kam bai fi ƙarfin ƙwaƙwalwar kowa ba, duk 'yan gidansu ne.

Jama'a, a unguwarku wane jerin ke aiki, na kwamfuta ko na aljihu?