Baturen da Ya Zo Neman Kogi

Bayan magariba kakata Iya takan ja tabarma kusa da murhu, tana gasa mana gyaɗa a toka, mu jikoki mun kewaye ta. Akwai labari ɗaya da ba ta buɗe shi irin na sauran. Sai ta ce, "Wannan ba tatsuniya ba ce, kakata ta gani da idonta. Mai gyangyaɗi ya tashi tun yanzu."

Wani Bature ne ya iso garinmu a kan jaki, tun kafin Turawa su ci ƙasar, zazzaɓi ya gama cinye shi. Wai kogi yake nema.

"Kogi fa!" in ji Iya. "Ga rijiya a ƙofar gida, shi sai kogi."

Kakarta ce ke dama masa kunu. Da ya ga ba tashi zai yi ba, sai ya yi ta zane da yatsa a ƙasa yana nuna ƙirjinsa. Ba wanda ya gane. Da ya cika aka rufe shi a bayan gari, aka jera tsingaro a kai, damina ɗaya ta shafe wurin.

"Iya, me ya zana?"

"Sunansa mana, sarkin tambaya. Tsoro yake kar ya ɓace. Wanda zai tashe shi ai ya san inda ya kwanta."

Bara Iya ta rasu. Ina nan Bronx a ƙasar waje, takardun zamana ba su fito ba, balle in je gida. Ranar na kai yara makaranta, na dawo na ɗora girki. Har yau hawaye bai zo ba. Abu ɗaya na riƙe, in na koma zan tsaya a kan kabarinta in yi mata addu'a. Watan jiya na kira yayana a waya.

"Yaya, ka dai sa alama ko?"

Ya ce, "Na kafa reshe, Binta. Ruwan bana ya yi yawa. Na je na duba, wallahi na kasa rarrabewa."

Na ce to, a gaida gida.

Ana nan sai makarantar 'yata Hauwa ta ari zauren wata tsohuwar coci don taron iyaye. A bangon shiga akwai wani farin dutse da rubutu. Hauwa ta tsaya tana karantawa da ƙarfi da Turancinta: wani mutum ne da ya tafi Afirka bin kogi, zazzaɓi ya kashe shi, ba a san inda aka binne shi ba. Ƙannensa mata ne suka kafa dutsen.

"Mama, yana cikin bangon?"

"Babu kowa a ciki."

Ban ce shi ne na Iya ba. Amma duk dariyar da muka sha yi masa a bakin murhu, ban taɓa kawowa a raina yana da masu jiransa ba. Maganar Iya gaskiya ce, na yi imani da ita, Mai tashin ya san wurin. Masu rai ne ba su da inda za su tsaya.

Na ɗora tafina a kan dutsen. Sanyi kawai na ji. Hauwa ta ja mayafina, wai an fara taro.