Ranar da Inna Ta Shiga Mai-Suma

Tsohuwar motata sai da turi take tashi. Duk wanda ka gani da faffaɗan ƙirji a unguwarmu a Gwarzo, ita ta gina shi. Ko Inna, mahaifiyata, ba ta tsira ba. Wata shekara na ɗauko ta daga Masanawa za mu suna a Gude, motar ta mace a tsakiyar gonaki, Inna ta wuni a gindin ɗorawa, ba mu isa ba sai da aka cinye ragon har ƙashi. Ranar ta ce ita da motata sun rabu, sai in na sayi wadda ba ta mutuwa a hanya.

Da Allah ya sa wa cinikin hatsina albarka, na je Kano na ɗauko sabuwa fil, baƙa wuluk, ƙasa-ƙasa kamar ƙadangare ya yi ruf da ciki. Makulli ba ya fita daga aljihu, maɓalli kawai za ka danna ta yi gurnani. Gudu kuwa, ranar da na taho da ita na iso gida, na yi alwala, na sha fura, sannan inuwata ta ƙaraso tana haki. Wanda bai yarda ba ya je ya tambaye ta.

Ledar kujerar gaba ce kawai ban cire ba. Na yi alkawari babu mai zama a kanta sai Inna ta zauna ta sa albarka. Maiɗakina ta koma baya ta hakimce kamar matar gwamna, ban ji ta yi ƙorafi ba.

To, motar tana da wani hali. In ka taka birki ka tsaya cak, sai injin ya ɗauke ɗif. Ka ɗaga ƙafa, ya tashi da kansa. Mai sayarwa ya ce don tattalin mai aka yi ta haka. A Kano, inda danja ke tsayar da mutum, wannan ba komai ba ne. Mu kuwa a nan gaisuwa ce ke tsayar da mu, kuma gaisuwarmu ba ta gaggawa.

Na kama hanyar Masanawa da hantsi. A Kabo na tarar da majalisar dattawa, abokan marigayi Baba, a bakin hanya. Wuce su ba gaisuwa, ai gara in sayar da motar. Na tsaya, na sauke gilashi.

"Barkanku da hutawa, Baba."

"A'a, Alhaji! Kai ne a ciki? Ya iyali? Ya kasuwa? Ya muka ji da ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, Baba."

Sai wani a cikinsu ya karkata kunne. "Af! Ta mutu."

"Ba ta mutu ba, Baba, hutawa take yi."

"Haka waccan ma take hutawa. Jama'a, ku kama wa Alhaji!"

Kafin in rufe baki, masu shayi, masu faci, har da wani da rabin aski a kansa, sun jeru a bayanta sun dafa. Na firgita kada su kankare min fenti, na ɗaga ƙafa. Mota ta yi gurnani ta zabura, mutane suka bi iska da hannu. Ta madubi na ga suna tafawa.

"Ka ga sabuwa! Taɓawa ɗaya ta tashi!"

Abin da ya ƙara lalata zancen, taubashina yana wurin a kan babur ɗinsa. Ɗan ƙanin Inna ne, tun muna yara ba shi da sana'ar da ta wuce ja na. Ya biyo ni yana dariya har babur na tangaɗi.

"Alhaji, me sunan amaryar? Ni dai na raɗa mata Mai-suma!"

"Kai tafi can, ba ka san kimiyya ba. Kashe kanta take yi don tattalin mai."

"Haba! Kamar yadda inuwarka ta makara?"

Matsalata ke nan. Mutumin da ya saba ƙara wa zance gishiri, ranar da ya kawo shi salam ba mai ɗanɗanawa. Ya ciro waya, kuma duk gudun motar nan, labarin ya riga ni isa Masanawa.

Na sami Inna a tsakar gida tana gyaran zogale. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a tsanake, ta tambayi jikokinta ɗaya bayan ɗaya.

"Inna, na kawo motar ki sa albarka."

"Allah ya yi albarka," in ji ta, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"A ciki nake so, Inna. Kujerarki tana nan da ledarta."

"An ce a Kabo sai da gari ya taru."

"Inna, wallahi lafiyarta ƙalau."

"Ɗan nan, gindin ɗorawar nan har yau ina jin sa a ƙuguna."

Nan fa dariya ta ƙare min. Duk gurnanin da fentin, in matar nan ba ta shiga ba, ƙarfe kawai na saya.

Allah ya taimake ni da yayarta ta Gammo, wadda ƙafa ta kwantar, Inna kuma tana son zuwa dubiya. Ta yarda, amma da sharaɗi: taubashina zai bi mu a baya da babur, saboda ko-ta-kwana. Ta shiga ɗaki ta fito da tabarma, da buta, da ƙullin gyaɗa. Shirin wuni a gindin bishiya ta yi sosai.

Ta zauna a kan leda, leda na ƙara, ta ce in tafi a hankali. Motar da ke tsere wa inuwa sai ga ta a bayan amalanken shanu, har wani kwaɗo ya wuce mu ya waiwayo.

Muna fita gari muka haɗu da liman, dattijo sa'an Baba, yana dawowa daga gona. Na so in ɗaga hannu in wuce.

"Tsaya mana!" in ji Inna. "Wa ya koya maka wuce Malam?"

Na taka birki. Ɗif. Inna ta dube ni, ta jawo tabarmarta kusa. A baya taubashina har ya fara naɗe hannun riga.

Amma Malam ya riga ya iso. Suka shiga gaisuwa: ya ƙarfin jiki, ya mutanen gida, ya shuka, ya aka ji da haƙurin wance. Kunnen Inna ya yi nauyi, a tsohuwar motar sai an yi ihu kamar ana kiran wani a hayin rafi. Yau kuwa Malam yana magana ƙasa-ƙasa tana ji tar, har ta tambayi jikarsa da aka kai makarantar kwana. Ya yi addu'a, muka shafa. Na ɗaga ƙafa, mota ta tashi.

Mun ɗan taɓa tafiya Inna ta hango wata tsohuwa da ƙunshin rama a ka.

"Tsaya in gaida waccan."

Na san ba ta ma san ta ba. Na tsaya. Ɗif. Suka gaisa kamar tare suka yi 'yanmatanci. Suna cewa a gaida gida, na ɗaga ƙafa, ta tashi.

Inna ta daɗe tana kallon gaban motar, sannan ta ture tabarmar ƙasa.

"Wannan ba suma take yi ba. Ladabi ne. Ta ji manya na gaisawa ta yi shiru."

"Ai Inna abin da nake ta faɗa..."

"Ka gani ko? Kai da na haifa, ga furfura a gemunka, har yau ba ka iya ba."

Ta ɗan ɗaga, ta kama ledar ta yage da hannunta. Ta dafa gaban motar ta yi addu'a mai tsawo, ta rufe da wadda ake yi wa duk mai sabon abu: "Allah ya sa ka kashe lafiya."

"Amin, Inna. Amma ita take kashe kanta."

Ta kai min duka a kafaɗa tana dariya. "Taka mu gani, ɗan nema. An ce tana gudu."

Na taka kaɗan, kaɗan fa, bishiyoyi suka fara yi mana sallama. Inna ta riƙe mayafi tana salati tana cewa in ƙara. Sai da muka isa Gammo, aka kawo ruwa, aka gama dubiya, sannan taubashina ya bayyana, jage-jage da gumi, yana turo babur. Mai ya ƙare masa.

Inna ta miƙa masa ƙullin gyaɗar. Ta ce tabarmar ma ya ɗauka, shi zai fi bukatarta a hanyar komawa.