Kawu ya ƙaryata wayata

"Miƙo min wayar nan," in ji Kawu, ana tsakiyar sunan ɗana jiya a unguwar Zango a Damagaram. Na miƙa masa cike da mamaki.

Kawu tsohon mai ɗaukar hoto ne. Tun da ya rasa ganinsa, ko zancen kyamara ba ya so a yi.

Ashe ya ji ina nuna wa abokaina wata manhaja da na saka. In kana ƙara haske ko ragewa, wayar takan motsa a hannunka, kit-kit, in hasken ya daidaita sai ta yi ƙara, tit.

Na juya shi saitin mutane. Ya ja yatsa a hankali har ta yi tit.

Na ce, "Yauwa Kawu, danna!"

"Dakata. Wane kaya suka sa?"

"Farar shadda, kusan dukansu."

"To ƙarya wayar take yi. Farin kaya a hasken ranar Damagaram ruɗa kyamara yake, fuskoki su fito baƙi ƙirin."

Ya ƙara hasken kit biyu, sannan ya danna.

Jama'a, hoton nan ya fi duk waɗanda na ɗauka da idona biyu! Kowace fuska tar, har ta jaririn. Mata suka rangaɗa guɗa, Kawu na dariya yana cewa, "Tsohuwar kyamarata ma da yatsa nake jin ta."

Har la'asar ban ga wayata ba, layi aka yi masa.

Ku fa, wane gwani kuka zaunar a gida kuna cewa ya gama?