Gorar Busawar Da Na Raba Baba Da Ita

A shekarun nan da buhun taki ya gagari manomi, kuɗin mota kuma ya sa shiga birni sai dole, ni mai faci ne a bakin hanyar Minjibir, ina yi wa keke da babur a gindin wata darbejiya. Ni ne babba a gidanmu, kuma don na taɓa ɗan zama a birni, gani nake duk unguwar babu wayayye kamata. Mahaifina shi ne ladanin masallacinmu tun ban san kaina ba. Daga zaurenmu zuwa ƙofar masallacin bai wuce taku arba'in ba.

Ana tsakiyar girbin gero ya yanke jiki ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka sallamo mu daga asibiti, dattawan unguwa suka ce za su riƙe masa gurbinsa zuwa azumi. In ya iya takawa masallaci ya ci gaba da kiran sallarsa, in bai iya ba a sa wani. Shi kuwa Baba, kullum da la'asar sai ya sa a juya masa tabarma ta kalli ƙofa.

Kafin mu baro asibitin, wata ma'aikaciyar gashin ƙashi ta ba mu gorar roba da ruwa rabi da ɗan siririn tiyo. Ta ce ya riƙa jan numfashi har cikinsa ya taso, sannan ya busa a hankali ruwan yana ɓulɓula, safe da yamma. Ta yi wani bayani a kan ƙirji da tsayuwa, amma ɗakin cike yake, ni kuwa kaina ya riga ya ɗaure. Mutumin da ƙafa ce ta ƙi takuwa, me ya haɗa shi da busa? Na so in tambaya, sai na ji tsoron a ce ɗan ƙauye ne. Na gyaɗa kai kamar na gane.

Kwana huɗu Baba ya yi yana busawa. Rana ta biyar 'yan dubiya suka shigo suka tarar da shi yana ɓulɓula ruwa, wani dattijo ya yi dariya ya ce ashe Malam ya koma yaro. Kunya ta rufe ni. Suna fita na zubar da ruwan, na tafi da tiyon rumfata ina zuƙo fetur da shi. Inna ta ce ai masu ilimin abin ne suka bayar, na ce mata ta bar ni da aikin maza. Sai na ɗauko rawanin Baba na naɗa masa a ƙirji, na ɗaure tamau, na riƙe bakin ta baya ina tura shi a tsakar gida. Taku biyar sai ya tsaya yana haki, jikinsa ya karkace. Yakan daddafa ƙirji ya ce ya matse, ni kuma in ƙara tamkewa don kada ya suɓuce mini. Na shafa wa ƙafar man kaɗanya, na gasa ta da ruwan ɗumi, na rasa gane dalilin da ya sa ƙafar tana ɗan motsi amma mutum ba ya tsayuwa.

Saura wata guda azumi, na yi ta maza na ce yau sai mun kai zaure. A wajen turken awaki numfashi ya ɗauke masa, ya sulale a hannuna ya bugu, ƙashin ƙugunsa ya tsage. A kan gado ya ga watan azumi, yana jin muryar wani a lasifikar masallacin.

Da muka koma asibiti, matar nan ba ta tambayi ƙafa ba, gorar ta tambaya. Na sunkuyar da kai na faɗa mata gaskiya har da rawanin. Ba ta yi mini faɗa ba. Hannuna ta sa na ɗora a cikin Baba, ta ce in ji yadda ba ya tasowa. Ta ce naman da ke jawo numfashi yana cikin abin da ke riƙe gangar jiki idan mutum ya miƙe, ciwon ya raunana shi, ni kuma na zo na ɗaure abin da ya rage. Ni da nake wuni ina gaya wa mutane keke ba ya tafiya daidai in taya ba iska, ni ne na kasa gane wannan.

Yanzu Baba yana busa gorarsa a gaban kowa, kuma yana kai kansa masallaci da sanda. Sai dai ladanci ya riga ya tafi. Idan aka kira salla yakan bi a hankali daga sahu, yana jan kowace kalma har ƙarshenta. Har yau ban sani ba ko da na bar masa gorar da ya taka masallaci kafin azumin nan, matar ma ta ce Allah ne masani. Abin da ke cina shi ne bai taɓa ɗora mini laifi ba.

Don Allah, duk wanda aka ba shi wani abu ya yi wa majinyacinsa, in bai gane ba ya tsaya ya tambaya, ko da ɗakin zai yi masa dariya. Ni dariyar mutum ɗaya na guje wa, na raba mahaifina da kiran salla.