Ranar da Na Kai Surukata Kasuwa

Lokacin da cikin matata na fari ya tsufa, mahaifiyarta ta zo Maraɗi daga ƙauye, ta sauka gidanmu a Sabon Gari. Bayan ta huta ta ce tana son ƙore daga Tibiri da babbar tukunyar ruwan jego daga Jiratawa. Na aro motar yayana. Muna shirin fita matata ta ja ni gefe ta ce Inna ba ta karya ba, kuma in ta daɗe ba ta ci komai ba jiri ne yake ɗaukarta har ta faɗi. In tabbata ta ci wani abu.

Faɗa ce mai sauƙi. Surukata ba ta taɓa kai loma baki a gabana ba, ni ma ban taɓa yi a gabanta ba. Haka muka tashi muka tarar, kuma ban taɓa jin abin ya dame ni ba sai ran nan.

Ta zauna a kujerar baya, fuskarta na waje har Tibiri. Ranar kasuwa ce. Tun daga bakin gudron, titin kwalta, ƙamshin masa ya tare mu. Na sayi mai zafi na miƙa mata da hannu biyu. Ta sa albarka, ta ƙulle a bakin gyale.

Wurin masu ƙore muka fi daɗewa. Wani tsoho yana zana bayan ƙwarya da ƙarfe mai zafi, hayaƙi na tashi siriri. Inna ta dinga ɗaga ƙore tana ƙwanƙwasawa da farce, tana ajiyewa. Ni ina tsaye ina kallon ƙafafunta, ko za su fara rawa.

"Malam," ta ce, ba ta dube ni ba, "tahi ka gano motar nan, kada yara su taɓa ta."

Na tafi da sauri, na tarar da mota lafiya lau, na dawo da sauri. Daga baya ta aike ni butik, wani ɗan kanti, neman zare, ta sake aike ni rumfar dukawa in tambayo ko suna ɗinka takalmin jinjiri. Kowane aike a guje nake yinsa, don tsoron kada ta faɗi ba na nan. Na ƙara mata kwaɗon zogale da fura. Ƙullin gyale ya yi ta girma. Nawa cikin ma kuka yake, na wuce mai tsire kamar ban san shi ba.

Bayan azahar muka ratsa Maraɗi muka nufi Jiratawa. A madubi na ga leɓunanta sun bushe, ta jingina kai da ƙofa. A nan tsoro ya kama ni sosai.

Mai ginin tukwanen da muka shiga gidanta dattijuwa ce, hannuwanta duk yumɓu. Ta dubi Inna, ta dubi ƙullin, sannan ta dube ni.

"Wanga ɗanki ne?"

"Mijin ɗiyata ne."

Dattijuwar ta juyo gare ni. "Kai, hita! Tahi bakin gulbi ka ga albasa. Kada in gan ka sai na aiko."

Ban je gulbi ba. Na zauna a bayan danga, kusa da tulunan da aka shanya, da ɗan ƙuli-ƙulin da na saya a hanya. Can na ji ana kwance leda. Sai kuma dariya, babba, wadda ban taɓa sanin surukata tana da ita ba.

"Yaron kirki ne wallahi," na ji ta ce, baki cike da masa. "Amma yau ya kusa kashe ni. Duk inda na aike shi, kahin in kwance ƙulli ya dawo."

Muka ɗaure tukunya a bayan mota, muka koma gida. Shekaru da yawa muka yi tare bayan haka, ina girmama ta, tana sa mini albarka. Har Allah ya karɓi abinsa, dariyarta ta bayan danga kawai na sani.